Littafin hotuna ga yaro marowaci: wanne za a saya?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ɗana shekarunsa 4, rowa gare shi ba kaɗan ba. Ƙanwarsa na taɓa motarsa ta wasa sai gida ya kaure da kuka. Na ga littattafan hotuna biyu a wani shago, duka a kan son kai da abota. Ɗaya na Turanci ne mai sheƙi da tsada, ɗaya na Hausa mai sauƙin kuɗi amma takardarsa ba ta kai waccan ba. Wanne zan ɗauka? Daga uwar yara, Mabera.

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Kwantar da hankalinki tukuna. Tsakanin shekara 2 zuwa 4 ne yaro ke gane cewa akwai abin da yake nasa, shi ya sa "nawa ne" ba ya barin bakinsa. Yawancinsu suna wuce wannan matakin.

Idan kin koma shagon, ki buɗe kowane littafi ki bi hotunan kawai, kada ki karanta rubutun. In kin fahimci labarin a haka, to shi ma zai fahimta, don ɗan shekara 4 fuskoki yake karantawa. Ki tsaya a shafin da abokai suka watse suka bar marowacin. Ana ganin kaɗaici a fuskarsa? Wannan shafin ya fi dogon wa'azin da ake jibgawa a bayan littafi amfani.

Sannan ki duba yadda labarin ya ƙare, nan ne na fi tsanantawa. Akwai littattafan da marowaci ba ya samun aboki sai ya rabar da duk abin da ya mallaka. Ban yarda da su ba. Abin da yaro zai ɗauka shi ne abota saye ake yi, kuma tsoron da ke sa shi ƙanƙame motarsa ke nan, yana ganin in ta bar hannunsa ta tafi ke nan. Ki nemi labarin da aka ba da aro aka dawo da abu, ko aka yi wasa bi da bi kowa ya samu. Tatsuniyar Gizo da hankaki ta isa ma'auni: sun ara masa fukafukai suka kai shi ɓauren tsakiyar ruwa, ya riƙa cewa duk ɗan ɓauren da aka nufa shi ya fara gani, sai kowa ya karɓe gashinsa suka bar shi bisa icce. Ba wanda ya tsaya yi wa Gizo nasiha, amma ba yaron da bai gane abin da ya ja masa ba.

Batun harshe kuwa, in a gida Hausa kuke yi, ɗauki na Hausar. Na Turancin ke ce za ki zauna kina fassara, daɗin labarin ya zube a hanya. Da daidaitacciyar Hausa ake buga su, amma ba laifi ki karanta masa da bakinmu na Sakkwato, inda aka rubuta "'ya'ya" ki ce "ɗiya". Ki dai tabbata an sa ɓ da ɗ da ƙ yadda ya kamata, don gobe da shi zai fara haɗa baƙi. Ki kuma lanƙwasa bayan littafin ki gani. Wanda aka ɗinke ko aka danne da ƙarfe ya fi wanda aka manna da gam jure zafin bazarar garin nan da hannun yara.

Tambaya: Ni malamin aji biyu ne a firamare. Ina son labarai kan zaman tare ga ɗalibaina, amma aljihu ba nauyi. Ina mafita? Daga Runjin Sambo.

Malam, Allah ya saka da alheri. Fara tambayar shugaban makarantarku ko akwai ragowar littattafan shirin Mu Karanta da aka gudanar a jihohin Sakkwato da Bauchi don 'yan aji 1 zuwa 3. Bayan haka, shafukan African Storybook da StoryWeaver suna da labaran hotuna da Hausa kyauta a intanet, kuma an yarda a sauke a buga. Kada ka kashe kuɗi wajen bugu mai launi. Buga baƙi da fari, ka ba yara biyu kwafi ɗaya da fensiran launi kaɗan su shafa tare. Sai dai ka karanta kowane labari kafin ka buga, wasu fassara ce kuma Hausarsu na ɗingishi.

Tambaya: Na saya wa 'yata irin wannan littafin, mun karanta, ba abin da ya canza. Kuɗina sun tafi a banza? Daga wani uba, Arkilla.

Alhaji, karatu ɗaya ba ya canza hali. Yara suna son a maimaita musu labari har su haddace, ka bar ta ta nema da kanta. Abin da zan roƙe ka shi ne kada ka nuna mata hoton marowacin ka ce "kin ga halinki". Daga ranar za ta tsani littafin. Ka tambaye ta me ya sa wancan yake kuka, me za ta yi in ita ce abokiyarsa, ka saurara ko da amsar ba ta yi maka ba. In baƙi za su zo da yara, ka bar ta ta ɓoye abin wasa ɗaya da ta fi so, sauran a fito da su tsakar gida.