Bashin da za a fara biya tun mako mai zuwa

Wata 'yar kasuwa ta aiko da wannan tambaya: "Shekarata shida ina sayar da kaya a shago. Wata cibiyar ba da lamuni ta yi mini tayin bashi, amma biyan mako-mako ne, kuma za a fara tun makon da ke bin ranar karɓa. Ma'aikacinsu ya ce irin wannan bashi ne ya fitar da mata da yawa daga talauci. Ɗana da ke jami'a kuwa ya ce masana sun bincika sun ga ba ya tsinana komai. Maganar wa zan ɗauka?"

Hajiya, Allah ya ƙara buɗi. Kowanne cikinsu ya riƙo gefen gaskiya, amma ɗanki ya fi kusa da ita.

Tun da Muhammad Yunus ya kafa Bankin Grameen a Bangladesh a 1983, har ya samu kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2006, aka yi ta yayata cewa ƙaramin bashi shi ne maganin talauci. Daga baya masana suka gwada abin kamar yadda ake gwada magani: a yi ƙuri'a, wasu su samu damar bashin, wasu kada su samu, sannan a dawo a duba. A 2015 aka buga sakamakon irin wannan gwaji daga ƙasashe shida: Indiya, Maroko, Habasha, Meziko, Mongoliya da Bosniya. A dunƙule, bashin bai ƙara wa yawancin gidaje kuɗin shiga yadda za a gani ba, bai kuma durƙusar da su ba. Wannan shi ne abin da ɗanki ya karanta.

Sai dai bai ƙarasa miki labarin ba. A birnin Haidarabad na Indiya an sake bibiyar mutanen bayan wasu shekaru, sai aka ga waɗanda dama suna da sana'a kafin bashin ya zo su ne kasuwancinsu ya bunƙasa. Waɗanda suka buɗe sana'a don kawai kuɗi sun shigo hannu ba su je ko'ina ba. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Shekara shida a shago ta sa ki cikin rukunin farko, don haka ban ce ki guji bashi ba.

Abin da ya tsaya mini a rai cikin tambayarki shi ne wannan "tun mako mai zuwa". A nan nake so ki tsaya ki yi tunani sosai.

Ki ɗauka yau kin karɓi kuɗin, gobe kin je sari. Kafin kaya su iso, ki jera, masu saye su saba ganinsu, kwana bakwai sun cika, mai karɓa yana bakin ƙofa da littafinsa. Daga ina za ki biya? Ko dai ki cire daga cinikin tsofaffin kaya, ko ki karya farashin sababbin don su fita da wuri, ko kuma, abin da mutane da yawa ke yi, ki ware wani kaso na bashin tun ranar farko ki ɗaure shi a gefe don biyan makonnin farko. Kin ga ke nan kina biyan kuɗin ruwa a kan kuɗin da ko kasuwa ba su gani ba.

An gwada wannan ma. A birnin Kolkata na Indiya, masu bincike Erica Field da Rohini Pande da abokan aikinsu sun raba mata masu karɓar bashi gida biyu: wasu su fara biya bayan mako biyu kamar yadda aka saba, wasu a ɗaga musu ƙafa wata biyu. Kuɗin iri ɗaya, kuɗin ruwan ma haka. Kusan shekara uku bayan haka, ribar waɗanda aka ɗaga wa ƙafa ta fi ta sauran da kimanin kashi 40 cikin 100, saboda sun samu sukunin zuba kuɗin a kayan da ba sa fita da sauri amma ribarsu ta fi tsoka. Ba zan ɓoye miki ɗaya gefen ba: masu kasa biya sun fi yawa a cikinsu, kuma shi ya sa cibiyoyi ba sa son wannan tsari. Duk da haka darasin a fili yake, lokacin biya yana iya fin yawan kuɗin muhimmanci.

Saboda haka kafin ki sa hannu, ki ɗauko littafin cinikinki ki lissafa kwana nawa kayan da kike son ƙarawa suke yi tsakanin sari da dawowar kuɗinsu aljihunki, har da na waɗanda kike ba bashi. In kwana biyar ne, biyan mako-mako ba zai shaƙe ki ba. In wata guda ne ko fiye, wannan bashin ba naki ba ne, sai in sun yarda su jinkirta farawa. Ki tambaye su kai tsaye, ba roƙo ba ne, ciniki ne.

Ki kuma tambayi yadda suke lissafa abin da suka ɗora. Idan a kan dukkan kuɗin ake lissafawa har ƙarshe alhali kina ta mayarwa kowane mako, to a tsaka-tsaki rabin kuɗin ne kawai ke hannunki, don haka ainihin tsadar bashin ta kusa ninka abin da suka faɗa. Kashi 20 a baki, kusan 40 ne a aikace. Ki ce su rubuta miki adadi biyu a takarda: nawa zai shigo hannunki bayan an cire kuɗin fom da sauran caje-caje, nawa kuma za ki mayar gaba ɗaya.

Akwai wani abu da ya shafe ki a matsayinki na mace, kuma yana damuna duk lokacin da na tuna shi. A Siri Lanka, masu bincike Suresh de Mel da David McKenzie da Christopher Woodruff sun ba ƙananan 'yan kasuwa kyautar jari ta kimanin dala 100 zuwa 200. Jarin ya riƙa kawo ribar kusan kashi 5 cikin 100 a wata, amma a shagunan maza aka ga wannan riba, na mata ba su motsa ba. Ba rashin iya kasuwa ba ne. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa sau da yawa kuɗin matan na ƙarewa ne a sana'ar maigida. A Gana kuma, matan da sana'arsu ta ɗan kafu sun ƙaru sosai da aka ba su jarin a matsayin kaya, amma ba haka ba da aka ba su tsabar kuɗi. Kuɗi a hannu kowa na da buƙatarsa, kuma ke uwa ce, da wuya ki ce a'a. Kaya a kan kanta kuwa ba mai cewa ki tsakura masa.

Shi ya sa, da ni ne ke, dillalin da nake sari a wurinsa zan fara tunkara. Shekara shida yana ganin yadda kike biya, ya san ki fiye da kowace cibiya. Ki nemi ya ƙara miki kaya ki biya bayan kin sayar, ko da zai ɗan ɗaga farashi, sai ki kwatanta wannan ƙarin da tsadar bashin cibiyar. In kuma bashin cibiyar kika zaɓa, kada kuɗin su kwana a gida: daga hannunsu sai wurin sari.

Daga yau har tsawon mako biyu, ki ajiye takarda kusa da inda kike zama. Duk wanda ya tambayi abu kika ce babu, ki rubuta sunan kayan da yawan da ya nema. Abin da takardar ta tara shi za ki ranto wa kuɗi, ko da cibiyar ta yarda ta ba ki ninkinsa.