Amsa ga yarona a kan mohiton da ya yi ɗaci

Ka rubuto mini cewa: "Maigida, na gwada haɗa mohito a gida kamar yadda nake gani ana yi a waya, na zuba na'a-na'a da lemun tsami da sukari da rum, amma ya fito da ɗaci, launinsa kuma ya yi duhu. A ina na kuskure?" Da a son raina ne ba zan amsa ba, domin wanda ya tsaya kusa da ni a bayan kanta yana kallon hannuna bai kamata ya koma neman ilimin sana'a wurin yaran da ke wasa da kwalba a gaban kyamara ba. Sai dai ɗacin da ka ambata ya sosa mini wani tsohon miki, saboda haka ka natsu ka karanta.

Ka daka ganyen ne, wannan ba sai na gani da idona ba. Ƙamshin na'a-na'a yana cikin wani mai da ke zaune a fatar ganyen, kuma ɗan dannawa kaɗan ya isa ya fito da shi. Idan ka yayyaga ganyen ko ka murtsuke shi har ya zama dagwalo, koren ruwan da ke cikinsa ne zai fito, shi kuwa ba ya kawo komai sai ɗanɗanon ɗanyar ciyawa da ɗaci. Na kuma san ka jefa lemun da ɓawonsa ka yi ta lugude, alhali farin naman da ke ƙarƙashin ɓawon ɗaci ne zalla. Awon da ƙungiyar masu haɗa abin sha ta duniya, wato IBA, ta ajiye sananne ne: mililita 45 na farin rum, wato giyar da ake yi daga rake, mililita 20 na ruwan lemun tsami da aka matse a take, reshen na'a-na'a 6, ƙaramin cokali 2 na farin sukari, sannan ruwan soda. Yadda ake wanke ganye da yanka lemu da fasa ƙanƙara ba zan ɓata tawada a kansu ba, wanda bai iya waɗannan ba ya nemi wata sana'a.

Abin da yaran yanzu ba sa son ji shi ne, mohito ba ya jira. A Habana ta ƙasar Kyuba, inda abin ya samo asali, akwai wata mashaya mai suna La Bodeguita del Medio da aka buɗe a 1942, kuma duk yawan baƙin da ke cika ta, jera tambulan suke yi a kan kanta suna haɗawa a gaban mai saye. Ruwan lemun tsami idan ya kwana yakan sauya, domin akwai wani sinadari mai ɗaci da ke samuwa a cikinsa sannu a hankali bayan an matse shi, ganyen da aka ji wa rauni kuma baƙi yake yi, soda ta huce, ƙanƙara ta narke ta mayar da komai salam. Wannan ilimin ne wata mata ta raina, ta jawo mini asarar da har gobe ban yafe ba.

A 2015 ne, lokacin da matsalar lantarki da ake kira dumsor ta addabi Accra, ana ɗauke wuta a wuni a kwana babu ita. Matar ta zo har unguwar Nima ta same ni, ta ce 'yarta za ta yi aure a East Legon, kuma ta ji labarin hannuna daga otal ɗin da nake yi wa aiki. Dangin ango Musulmi ne daga zangon Kumasi, nata dangin kuwa masu shan giya ne, saboda haka muka yi magana a fili cewa teburi biyu zan kafa, ɗaya da rum, ɗaya babu ko ɗigo, kowanne da tulunsa da cokalinsa da yaransa. Ta ba ni kafin alƙalami ɗan kaɗan, ta rantse cewa ragowar yana hannuna kafin baƙi su watse. Da kuɗina na shiga kasuwar Agbogbloshie na zaɓi lemun tsami buhu-buhu wurin matan da ake kawo wa daga yankin Asebu kusa da Cape Coast, mai santsin fata, mai nauyi a hannu, wanda idan ka murza shi a tafinka za ka ji ya cika da ruwa. Na'a-na'a kuma na bi masu kai wa 'yan shayin attaya a Nima na kwashe abin da suke da shi, na naɗe a jiƙaƙƙen ƙyalle. Ƙanƙara a wannan shekarar ta yi tsada ƙwarai, amma na biya tun kafin ranar.

Ana gobe biki ta aiko da mota, ta ce a kawo kayan gidanta domin tana da janareta da babban firiji, kada zafi ya lalata su. Magana ce mai ma'ana, kuma na ja kunnen direban, na kuma kira ta da kaina na ce kada kowa ya taɓa ko lemu ɗaya sai na iso. Ashe lissafinta daban ne. Ta ƙirga yaran da zan zo da su, ta ga kuɗin aikinsu ya yi mata yawa, sai ta tara 'yan aikin gidanta a daren nan ta sa suka matse lemun kaf, suka zuba na'a-na'ar da sandunanta a injin markaɗe, suka juye komai a manyan robobi uku, sannan ta kawo kwalaben rum ta tuttule a cikin dukkan ukun. Cikin dare man janareta ya ƙare, babu wanda ya tashi.

Da na iso da safe na ɗaga murfin roba ta farko, abin da na gani ya fi kama da ruwan kwatar Nima bayan an ɗauke ruwan sama, kumfa mai launin ƙasa a sama, dagwalon ganye ya kwanta a ƙasa, warin giya mai ɗumi ya bugi fuskata. Na tambaye ta ina na Musulmi, ta ɗaga kafaɗa ta ce ai kaɗan ta zuba, ba za su gane ba. Yaro, a duk shekarun da na yi a wannan aiki ban taɓa jin maganar da ta tafasa mini zuciya kamar wannan ba. Na tura yarana biyu a tasi suka koma kasuwa da kuɗin aljihuna, suka samo abin da ya samu a ranar Asabar da rana ta riga ta ɗaga, wanda bai kai rabin na farko ba, na tsaya na haɗa wa dangin ango nasu tambulan bayan tambulan. Ina cikin haka na hangi masu rabon abinci sun ɗebo daga robobin nan a faranti sun nufi rumfar Alhazai da Hajiyoyi. Na bar kanta na sha gabansu, na ce da ƙarfi yadda kowa zai ji cewa wannan akwai giya a ciki, ba zai wuce nan ba.

Wannan ne laifina a wurinta, wai na kunyata ta a gaban surukai. Nata baƙin da suka sha na roba suka yi ta yamutsa fuska suna ajiyewa, ita kuma tana bin tebur tana nuna ni da yatsa tana cewa ga wanda ya haɗa. Da dare na nemi ragowar kuɗina ta sa mai gadi ya rufe ƙofa. Na biya yarana daga abin da na tara domin biyan kuɗin haya, kai kuwa ka san yadda masu gida a Accra ke karɓar na shekara biyu a dunƙule. Ba ta tsaya nan ba, sai da ta kai ƙarata otal da ƙarya, aka daina tura mini ayyukan biki na waje. Na kai maganar gaban manya a unguwa, aka aika mata, ta ce ba ta san ni ba. Shi ya sa tun daga ranar kayana ba sa kwana a gidan kowa, kuma ba na ɗaga wuƙa sai an biya kashi biyu cikin uku.

Ka kuma tambaya a ƙarshen saƙonka ko akpeteshie, giyar gargajiya mai ƙarfi da ake dafawa a Ghana, zai iya maye gurbin rum tunda ya fi araha. An halatta sayar da shi a Ghana tun 1962, kuma wani daga rake ake yin sa kamar rum, amma ƙarfinsa ba ɗaya ba ne daga mai dafawa zuwa mai dafawa, warinsa kuma yana danne na'a-na'a. Idan mai saye ya nema ka haɗa masa, amma kada ka kira shi mohito. Farin rum irin Bacardi, wanda aka fara yi a Santiago ta Kyuba a 1862, ko Havana Club, shi ne na wannan aiki, baƙin rum kuwa nauyinsa ya yi yawa. Ku yaran yanzu araha da sauri kuke nema a komai, kuna so ku buɗe shafi a Instagram kafin ku iya riƙe cokali.

Ka zuba sukari da ruwan lemun a tambulan mai tsawo ka juya har sukarin ya narke, ka sa ganyen ka danna shi a hankali da ɗan muciya har ƙamshi ya taso, ka tsaya nan. Rum ya biyo baya, sai ƙanƙara har baki, soda a ƙarshe, sannan ka sa dogon cokali ka ɗago na ƙasa zuwa sama sau ɗaya ko biyu. Reshen da za ka ɗora a kai ka fara tafa shi a tafin hannunka. Ga mutanenmu na zango, waɗanda yawancinsu ba sa shan giya kuma su ne za su fi ba ka aikin suna da na aure, ka cire rum ka ƙara ruwan lemun kaɗan da ɗan ruwan citta domin ya samu kaifi, kuma tulu da cokalin da suka taɓa giya kada su kusanci wannan teburin. Ranar Asabar bayan la'asar ka zo Nima da lemunka da ganyenka, ka haɗa marar giyan a gabana in ɗanɗana.