Amsa ga 'yar'uwar da ke shakka don ba ta ganin Allah

Salama, 'yar'uwa. Kin ce an yi miki baftisma tun kina sakandare, kina cikin mawaƙan ikilisiya, amma yanzu in kin durƙusa sai zuciyarki ta ce, wa kike yi wa magana, tunda ba ki taɓa ganinsa ba? Kin tambaya ko wannan ne saɓon Ruhu Mai Tsarki, ko kuma ki dakatar da cin jibin Ubangiji. Na ga yawancin amsoshin da aka ba ki "ƙara azumi" ne. Ban goyi bayan haka ba, sai an fara sanin wace irin shakka ce. Ba kowane zazzaɓi ne na cizon sauro ba, wanda ya sha maganin da ba na cutarsa ba kuwa wahala ya ƙara wa kansa.

Maganar rashin gani tukuna. Mu da muka tashi da "gani ya kori ji" dole abin ya yi mana nauyi, amma Littafi Mai Tsarki bai taɓa ɓoye shi ba. A Fitowa 33 Musa ya roƙa ya ga ɗaukakar Allah, aka ce masa mutum ba zai ga fuskarsa ya rayu ba. Yohanna 1:18 ta ce ba wanda ya taɓa ganin Allah, Ɗan ne ya bayyana shi. Ki kuma duba Matiyu 28:17. Almajirai sun ga Yesu da idonsu a kan dutse bayan tashinsa, sun yi masa sujada, amma an rubuta cewa waɗansu sun yi shakka. Isra'ilawa sun ratsa teku a ƙafa, ba a daɗe ba suka ƙera ɗan maraƙi. Ashe ko ganin ma bai raba mutane da shakka ba.

Ga abin da za ki fara yi. Ki samu takarda ki rubuta shakkar a jimla ɗaya tak. Ƙarƙashinta ki rubuta watan da ta fara, da abin da ya faru da ke a watanni ukun da suka gabace shi. Sau da yawa wannan layi na biyun shi ke tona asirin irin shakkar.

Idan jimlar tambaya ce takamaimai, kamar ko da gaske Yesu ya tashi, ko an canja Littafin, to ta hankali ce, maganinta karatu, matambayi kuma ba ya ɓata. Ki ɗauki tambaya ɗaya kawai. A kan tashin matattu ki fara da 1 Korantiyawa 15:3-8. Bulus ya rubuta wasiƙar kimanin shekara 25 bayan gicciyewar, ya lissafa waɗanda suka gan shi, har da 'yan'uwa fiye da 500, ya ce yawancinsu suna nan da rai, wato mai musu yana iya zuwa ya tambaye su. Tasitus, marubucin tarihin Roma wanda ba ya ƙaunar Kirista ko kaɗan, ya rubuta wajen shekara ta 116 cewa an kashe Almasihu a hannun Bilatus a zamanin Kaisar Tibariyas. A 1961 aka tono wani dutse a Kaisariya ɗauke da sunan Bilatus. Kada ki ɗora wa waɗannan abin da ba za su iya ɗauka ba. Ba su tabbatar da samuwar Allah ba, sun dai nuna labarin ya faru a sanannen wuri da sanannen lokaci, ba tatsuniya ba ce. Daga nan ki karanta Markus, sura ɗaya kowace rana, kwana 16 kin gama, kina rubuta abin da Yesu ya yi da abin da ya faɗa game da kansa. Inda ake lalacewa shi ne kallon bidiyon muhawara a waya da tsakar dare. Kafin ki warware tambaya ɗaya an jibga miki goma, ga barci ya tafi.

Amma wadda ta fi yawa a cikinmu ba ta hankali ba ce, ta rauni ce. An yi ta addu'a mara lafiya ya rasu, ko aure ya ƙi, ko an kai hari ƙauye an kashe naka. Mai irin wannan bakinsa yana cewa "akwai Allah kuwa?", zuciyarsa kuwa cewa take "me ya sa ka yi shiru?" Hujja ba ta yi mata komai, sai ma ta ƙara ɗaci. Abin da ke aiki shi ne a kai kukan wurin Allah kai tsaye, kuma wajen kashi ɗaya cikin uku na Zabura 150 kuka ne. Ki buɗe Zabura 13, aya shida ce kawai. Biyun farko ƙara ce, "har yaushe" sau huɗu. Biyun tsakiya roƙo, biyun ƙarshe dogara. Ki rubuta taki a wannan tsari, da sunan abin da ya same ki, ba da kalmomin sujadar Lahadi ba. In kin kasa kai wa kashi na uku, ki tsaya a na biyu. Zabura 88 da duhu ta ƙare, ba a kuma cire ta daga Littafin ba. Kuskuren da masu ba da shawara ke yi shi ne gaggauta mutum ya kai ga "na gode Allah" tun bai faɗi abin da ke cinsa ba, sai ya koyi yin murmushi a majami'a, ya daina addu'a a gida.

Ki lura da Yohanna Mai Baftisma a Matiyu 11. Shi ya nuna wa jama'a Yesu, amma da Hirudus ya kulle shi sai ya aika a tambaya, kai ne mai zuwan ko mu jira wani? Yesu bai tsawata masa ba, bai kuma buɗe kurkukun ba. Ya ce a je a faɗa masa abin da ake ji da gani: makafi suna gani, guragu suna tafiya. Sannan a gaban taro ya ce cikin waɗanda mata suka haifa ba wanda ya fi shi. A zamaninmu ma, wasiƙun Uwa Teresa ta Kalkata da aka wallafa a 2007, shekara goma bayan rasuwarta, sun nuna ta yi kusan shekara 50 ba ta jin kusancin Allah, tana kuma ci gaba da addu'a da hidimar marasa galihu. Motsin zuciya ba shi ne ma'aunin bangaskiya ba.

Ta uku ta jiki ce, ita ce kuma azumi ke ƙara wa muni. Iliya ya ga wuta ta sauko a Dutsen Karmel, sura ɗaya bayan haka, a 1 Sarakuna 19, yana roƙon mutuwa. Abin da aka fara ba shi barci ne da abinci da ruwa, har sau biyu, magana ta zo daga baya. In kina jego, ko aikin dare, ko jarrabawa, ki fara gyara barcinki. In kin wuce mako biyu ba barci, ba cin abinci, ba abin da ke miki daɗi, ki ga likita, don ciwon damuwa cuta ce mai magani. In tunanin kashe kai ya zo miki, ki faɗa wa wani a ranar, kada ki jira.

Akwai kuma wadda ɓoyayyen zunubi ke kawowa. Ki bincika kanki sau ɗaya da gaskiya, in akwai ki tuba, in babu ki wuce. Abokan Ayuba da nan suka fara suka kuma nace, Allah ya tsawata musu a Ayuba 42:7.

Kada ki sa wa Allah wa'adi, irin "in ban ga alama kafin Juma'a ba shi ke nan." In ba ta zo ba kin rushe, in ta zo bayan wata guda za ki ce dace ne. Ki kuma yi nesa da masu cewa ki shuka iri da kuɗi su buɗe miki ido. Mutum ɗaya ko biyu za ki faɗa wa, fasto ko wata dattijuwa mai riƙe sirri, ba zumunta gaba ɗaya ba, don abin da aka kawo da sunan roƙon addu'a yakan zama hirar unguwa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma a zaɓi wurin wankan. Kada kuma ki daina zuwa sujada. Almajiri Toma ya yi mako guda bai yarda Yesu ya tashi ba, amma yana tare da sauran a ɗakin ranar da Yesu ya komo.

Saɓon Ruhu Mai Tsarki kuwa, Markus 3:28-30 ta faɗi dalilin maganar: malaman Attaura sun ga aikin Yesu da idonsu, da gangan suka ce na aljani ne. Ba su damu ba, ba su tambaya ba. Ke da abin ya hana ki barci ba halinki ake faɗa ba. Yahuza 22 cewa ta yi a ji tausayin masu shakka.

Jibin Ubangiji ma kada ki janye da kanki. Gargaɗin 1 Korantiyawa 11 a kan tsattsaguwa ne da raina jikin Ubangiji, masu hali suna ƙoshi har da buguwa, matalauta suna zaune da yunwa. Tunda kowace ikilisiya da tsarinta, ki ga fastonku kafin ranar jibi mai zuwa, ki tafi da takardar nan. In addu'a ta gagara a kwanakin nan, minti biyar da safe ya isa, da maganar mahaifin da ya kawo wa Yesu ɗansa mai aljani a Markus 9:24: na ba da gaskiya, ka taimaki rashin bangaskiyata.