Belin matse ciki: in sayi ƙarami don ya fi aiki?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Wata huɗu ke nan da haihuwata ta uku amma cikina ya ƙi komawa, har ana tambayata ko wani cikin ne. Na sayi belin matse ciki wajen wata a WhatsApp, ta ce in ɗauki wanda ya yi min kaɗan da lamba biyu, in riƙa kwana da shi. Yanzu ƙwannafi ya dame ni, numfashina ba ya kaiwa ƙasa, ko ruku'u da ƙyar nake yi. Ita ta ce alamar yana aiki ce. In daure?
Daga wata mai shayarwa, Gwammaja

Amsa: Wa alaikumus salam. Kada ki daure, 'yar'uwa, ki cire shi yau ɗin nan.

Wannan magana ta “in ya matse ki har kin ji a jikinki to yana narkar da teɓa” kullum sai na ji ta a ɗakin duba marasa lafiya, kuma wallahi ta ishe ni. Bel ba ya narkar da kitse ko ƙanƙani. Zufar da kike gani ta jiƙe shi ruwa ce, kina shan kofi biyu ta dawo. Ki ɗauki ledar fiya wata ki shaƙe tsakiyarta, ruwan bai tafi ko'ina ba, sama da ƙasa ya yi. To haka kayan cikinki. Na sama sun danne tumbi, ruwan ciki mai tsami ya taso maƙogwaro, ƙwannafin ke nan. Sun kuma tokare tantanin da ke ƙarƙashin huhu, shi ya sa numfashi ya gajarce. Na ƙasa kuwa, waɗanda suka fi tayar min da hankali, suna sauka ne kan naman ƙasan mara da haihuwa uku ta riga ta sassauta. Daga nan ake fara ɗigar fitsari in an yi tari ko atishawa, wata ma har mahaifa ta fara saukowa. Mai sayarwar ba za ta gaya miki wannan ba. Ita kayanta take son karyarwa, jibi kuma ta haɗa miki da shayin rage tumbi, wanda yawanci maganin sa gudawa ne a kwali mai kyau. Mai shayarwa da gudawa a zafin Kano, ina amfani?

Mahaifa da kanta take komawa cikin kusan mako 6, wato wajen arba'in. Abin da ya rage miki yanzu ko dai kitse ne, ko kuma naman ciki ne ya buɗe ta tsakiya. Ki kwanta rigingine, ki tanƙwara gwiwa, ki ɗan ɗaga kai, ki latsa saman cibiya. In yatsu fiye da biyu suka nutse, likitan gashin ƙashi za ki gani ya koya miki atisaye; akwai sashen a Asibitin Malam Aminu Kano da na Dala.

In kuma don shigar biki kike so, ba laifi, amma ki auna. Ki karɓi tef ɗin tela ki zagaya ƙugu, ɗan sama da cibiya, bayan kin saki numfashi, ba tare da kin zuƙe ciki ba. Da incin za ki saya, don L ɗin wani kamfani M ne a wani. Ki maƙala a layin ƙugiya na farko. Yatsu biyu su shige, ki iya zama, ki iya sujada, ki ja numfashi ya cika. Ki sa shimi ta auduga a ƙasa saboda ƙurajen zafi. Awa biyu zuwa uku ya isa, ban da barci, cin abinci da motsa jiki. In cinya ta yi sanyi ko ta mutu, ki kwance belin nan take.

Ba ki faɗa min ko tiyata aka yi miki ba. In ita ce, ko kina da kaba a cibiya, kada ki ƙara ɗaura komai sai an duba ki.