Sanda nawa mai fatsar kifin bas zai ɗauka zuwa gaɓa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Kwanan nan na fara fatsar kifin bas, wani kifi mai farautar ƙananan kifaye, daga gaɓa, don ba ni da jirgin ruwa. Ina ganin masu gasa da sanduna har goma jere a jirginsu. Ni huɗu gare ni, amma duk ranar da na kwashe su sai su zame mini kaya. Nawa ya dace in riƙa ɗauka?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Ka ɗauki biyu, ka bar biyu a gida.

Mai jirgi yana da inda zai shimfiɗa sandunansa, kuma jirgin ne ke ɗaukar nauyinsu. Kai kuwa ƙafarka ce jirginka. Bas ba kifin da ake zama wuri ɗaya a jira ba ne. Yana laɓewa ne a gindin ciyawar ruwa, ƙarƙashin itacen da ya faɗa ruwa, ko gefen duwatsu, sai an bi shi. Idan ka yi jifa goma zuwa goma sha biyar a wuri bai taɓa ba, matsawa za ka yi. Mai sanda huɗu kuwa, duk matsawa sai ya tattara, ya warware ƙugiyar da ta kama zaren wata, sai ganda ta sa ya daɗe a wurin da babu kifi.

Abin da ke sa a ƙara sanda shi ne zare. Sauya abin yaudarar kifi bai wuce ɗaurin minti ɗaya ba, amma sauya zaren da ke kan kwarkwaro, wato abin naɗe zare da ke jikin sanda, ba aikin bakin ruwa ba ne. Don haka sandunan nan biyu su bambanta a zare da ƙarfi.

Ta farko, mai kwarkwaron da ke rataye a ƙarƙashinta, tsawon ƙafa 6 da rabi zuwa 7, matsakaiciyar ƙarfi. Ka naɗa mata kitsattsen zare mai jure laba 10 zuwa 15, ka ƙulla masa kamar mita ɗaya da rabi na zaren fulorokabon, wani zaren roba garai-garai, mai laba 8 a baki, saboda shi kifi ba ya saurin ganinsa. Wannan ita ce ta ƙananan kaya: tanar roba marar darma, da duk abin da bai wuce giram 7 ba. Ranar da ruwa ya yi garau, kifi ya yi wayo, ita za ta fitar da kai kunya.

Ta biyu, mai kwarkwaron da ke zaune a samanta, ƙafa 7, mai ɗan tauri, da fulorokabon mai laba 15. Aikinta kaya masu nauyin giram 10 zuwa 20: tanar roba mai darma wadda aka ɓoye tsinin ƙugiyarta a jikin robar don kada ta kama ciyawa, da mai faranti mai juyawa yana walƙiya. Kada ka gwada jefa ƙaramin abu da ita. Kwarkwaron zai juya fiye da saurin fitar zare, zaren ya cukurkuɗe, ka ɓata minti goma kana tsifa.

Idan ruwan da kake zuwa ciyawa ta rufe samansa, sauya zaren ta biyun da kitsattse mai laba 40 zuwa 50. Ba ya miƙewa, yana yanka ciyawa, kuma ba ya nutsewa, don haka shi ya dace da kwaɗon roba. Fulorokabon nutsewa yake yi, sai ya ja hancin kwaɗon ƙasa ya lalata masa tafiya.

TAMBAYA: Ni gaɓar da nake bi duk sarƙaƙiya ce da rassan bishiyoyi. Ko biyun ma ba su yi yawa ba?

AMSA: Sun yi, Malam. A irin wannan wuri ɗaya ta isa, kuma gajeriya, ƙafa 6 da rabi, don doguwa kanta zai riƙa dukan rassa wajen jifa. Zaɓi mai kwarkwaro a ƙasa da kitsattsen zare mai laba 20, ka sa ƙananan naɗi biyu na fulorokabon a aljihu, laba 8 da laba 15. Sai ka riƙa sauya na bakin kawai gwargwadon wuri. Wajen ratsa duhuwa ka juya gindin sandar gaba, kan yana binka a baya. Kan shi ne mafi siriri, kuma idan ya caki reshe kana tafe, nan take yake karyewa.

TAMBAYA: Idan ina jifa da ɗaya, yaya zan yi da ɗayar? Kuma ba a taɓa ɗaukar uku ba ne?

AMSA: Kada ka kwantar da ita a ƙasa. Yashi zai shiga kwarkwaro ya ci haƙoransa, kuma lokacin da kifi ya kama, hankalinka na kan ruwa, baya ɗaya za ka ja ka taka ta. Ko dai ka soke ta a aljihun gefen jakar goyo ka ɗaure da maɗauri, ko ka jingina ta da bishiya a gefenka. Kada ta tsaya daidai bayanka, inda ƙugiyar da kake lilawa za ta fizgo ta. Ka maƙale ƙugiyarta a ɗan zoben da ke kusa da mariƙi, ko a ƙafar zoben da zare ke bi ta ciki. Cikin zoben zaren kansa kuwa a'a, don idan ya tsage zai riƙa kankare zare har ya tsinke a kan babban kifi.

Uku tana da ranarta: ƙaramin tafki mai buɗaɗɗiyar gaɓa, inda tafiya ba ta da nisa. Ta ukun ta zama mai laushin kai da zaren nailan mai laba 12, don abin yaudara mai yawo a saman ruwa da sassafe ko gab da magariba, lokacin da bas ke tasowa farauta. Irin waɗannan suna da ƙugiya mai baki uku wadda ba ta shiga da zurfi, kuma miƙewar nailan da laushin sandar su ke hana ta tsage bakin kifi idan ya yi tsalle. Da rana ta ɗaga, sai ka mayar da ita ka ci gaba da biyu.

Ka kuma duba dokar wurin kafin ka fita, don wasu wurare suna ƙayyade yawan zaren da mutum zai sa a ruwa lokaci guda. A jihar Kalifoniya ta Amurka, alal misali, sai an ƙara izini na musamman a kan lasisi kafin a yi fatsa da sanda biyu tare a koguna da tafkuna. Idan kana jifa da ɗaya, ɗayar ta kasance a gefe, zarenta a naɗe.