Amsa ga mai tambayar yadda za ta ƙara sauri wajen ƙulla awarwaron zare

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kin ce kwana uku kike yi akan awarwaron ƙawance guda ɗaya mai zare 8, har yatsunki na ciwo, kina neman dabarar sauri. Nima haka na fara wallahi, kuma abinda na gano bayan shekaru ina yi shine ba ƙullin ke cin lokaci ba, tsakanin ƙulli da ƙulli ne lokacin yake zurarewa, ki ajiye wannan zaren ki nemo wancan, ki leƙa zanen da ke nuna tsarin ƙullin, ki tsaya warware wanda ya harɗe.

Ki fara da wajen kafewa. Idan kan aikin yana motsi to rabin ƙarfinki riƙo yake tafiya. Ni da salatif nake mannawa a tebur, yana ɓallewa ina sake mannawa, daga baya na koma allon nan mai maƙale takarda, ko ki soke kan aikin da fil a jikin filo ki ɗora a cinya. Zaren da kike ƙullawa akansa ki riƙe shi a miƙe tsaf da hannu ɗaya, ɗaya hannun kaɗai ke aiki, kiyi siffar 4 ki zura ki ja sama, sau biyu, shine ƙulli ɗaya.

Sai tsawon zare. Ƙunshin zaren kamfanin DMC mita 8 ne, kar ki ga yawansa ki yanko mita biyu biyu don tsoron kar ya ƙare, duk tsawon nan sai kin jawo shi ta cikin madauki a kowane ƙulli fa. Ki lissafa, mai siffar V da zare 8 layi ɗaya ƙulli 7 ne, uku daga hagu uku daga dama ɗaya a tsakiya, ja 14 kenan a layi guda. Ni wajen santimita 90 zuwa mita ɗaya kowane zare yana isata a hannun babba.

Amma babban abinda ya canza min aiki shine daina bin zane layi layi. Zanen da ake samu a intanet yana nuna miki ki ƙulla na 1 da na 2, na 3 da na 4, haka har ƙarshe sannan ki sauko, kinga kowane ƙulli sai kin saki zare kin ɗauki sabo. Ki duba zanen da kyau zaki ga kala ɗaya tana gangarowa a karkace, to ki kama zaren nan ki bi shi har inda ya tsaya ba tare da kin sake shi ba, sharaɗin kawai ƙullin da ke samansa a ce kin riga kin yi su. Ranar da na gane wannan sai da na ji kamar an kwance min hannu, idona ma ya daina komawa kan zanen, bayan zagaye biyu uku hannun ya haddace.

Ciwon yatsu kuma kina ja da ƙarfi ne, ƙulli ya zauna kusa da ɗan uwansa ya isa, matsewa da yawa ita ke sa awarwaron ya nannaɗe. In kin yi kuskure ki sa bakin allura ki zaro shi nan take tun bai yi nisa ba, zaren sili 6 ne a murɗe, in kika sa farce zai tsattsage.

Idan kuma da yawa ake so a hannunki cikin gaggawa, ki rage zuwa zare 4 ko 6 ko ki nemi mai ɗan kauri, kuma ki yanka na duka ki jera kalolin a zama ɗaya kafin ki fara ƙulla ko guda. Ki gwada bin karkacen nan akan wanda ke hannunki yanzu ki dawo ki faɗa mana ya ya kasance.