Tambayoyinku Kan Fasaha: Rauta, Kebul, da Maƙwabcin da Ke Shan Datarka

Tambaya daga Zariya: Malam, ina da shagon buga takardu, kwamfuta 6 da firinta 1, amma ramuka 4 ne kawai a bayan rautata. In ƙaro wata rauta?

Kada ka ƙaro. Suwic za ka saya, wato ɗan akwatin ƙara ramukan kebul, mai rami 8, ka tabbata an rubuta gigabit a jikin kwalin. Ka jawo kebul ɗaya daga rauta zuwa suwic, sauran kwamfutocin su rataya a jikinsa, babu saitin da za ka taɓa. Rauta ce ke raba wa na'urori adireshi, in ka haɗa biyu ba ka kashe wa ɗaya wannan aikin ba, ka naɗa sarki biyu a gari ɗaya, kuma firintarka ce za ta fara ɓata a rigimar.

Tambaya daga Maraɗi: Rauta tana falo, amma a ɗakina na can ƙurya bidiyo sai ya yi ta juyawa. Ta lalace ne?

Hajiya, ban ga falonki ba, amma zan iya rantsuwa rautar nan tana cikin kabad ko bayan talabijin, wataƙila ma an yafa mata kyalle mai ado saboda ƙura. Ki fito da ita, a ɗora ta sama a tsakiyar gida. Idan sunaye biyu take nunawa, na 5 GHz ya fi gudu amma ba ya jure bangon bulo, na 2.4 GHz ya fi cin nisa. A ƙurya ki hau na biyun. In abin ya ƙi, sai a ja kebul a kafa wata na'urar Wi-Fi a wancan sashen.

Tambaya daga Kano: Na sayi gigabayt 100, ko kwana 10 bai yi ba ya ƙare. Sau biyu ina canza kalmar sirrin Wi-Fi. Ba kamfanin ne ke cutata ba?

To, an zo wurin. Ɗan'uwa, gyara zama, don wannan tambayar ta ishe ni.

Ban ce kamfanoni waliyyai ba ne, amma a nan ka bar jaki kana dukan taiki. Kalmar sirri biyu ce a jikin rauta, mutanenmu ɗaya suka sani. Akwai ta shiga Wi-Fi, wadda ka canza. Akwai kuma ta shiga cikin rautar kanta, ɗakin da ake saita komai. Buɗe burauza ka buga 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, in kuma irin ƙananan nan ne na Huawei da ake sa wa layi, 192.168.8.1. Zai tambaye ka suna da kalmar sirri. Buga admin sama, admin ƙasa. Ya buɗe ko? Haka zai buɗe wa kowane yaro da ya taɓa hawa Wi-Fi ɗinka. Ka canza kwaɗon ƙofar zaure, ka bar makullin ɗakin maigida rataye a ƙusa.

Kwanakin baya na je shagon wani abokina mai sayar da magani, yana ta tsine wa kamfani kamar yadda kake yi. Na karɓi wayarsa, na buga admin sau biyu, na buɗe jerin na'urorin da ke haɗe. Ashirin da uku! Shi da yaran shagonsa su huɗu ne. Na leƙa waje, sai ga samari jere a benci gaban mai shayi, kowa ya sunkuyar da kai, ana kallon ƙwallo da datar bawan Allah. Har wani ya ɗago ya gaishe mu cikin ladabi.

Za ka ce ai ba ka ba kowa sabuwar kalmar ba. Ka ba ƙaninka? Shi ke nan, ka ba unguwa. Tun daga Android 10 duk wayar da ta hau Wi-Fi tana iya fito da hoton QR, wani ya ɗauka da kyamara ya shige ko harafi ɗaya bai buga ba. Da ɗan gari akan ci gari.

Sai kuma ɗan maɓallin nan da aka rubuta wa WPS. An yi shi don sauƙi, ya koma taga marar ƙarfe. Lambarsa 8 ce, amma tun ƙarshen 2011 aka gano cewa rauta rabi-rabi take duba ta, wanda ya sa gwaji kusan 11,000 ya isa a fasa ta. Ga kwamfuta wannan aikin 'yan awoyi ne, a tsofaffin rautoci musamman. Kashe shi.

Masu cewa "ni me nake da shi da za a sata" su ne suka fi ɓata mini rai. A watan Oktoban 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta bi intanet tana ƙwanƙwasa ƙofar rautoci da kyamarorin tsaro, da jerin kalmomin sirri kusan 60 irin waɗanda ake fitowa da su daga masana'anta. Dubban ɗaruruwan na'urori suka buɗe mata. Aka tara su aka afka wa kamfanin Dyn a Amurka, wanda ke haɗa masu bincike da adireshin manyan shafuka, Twitter da Netflix da wasu manyan shafuka suka yi ta ƙin buɗewa tsawon sa'o'i. Masu na'urorin suna gida suna barci, ba su san an yi yaƙi da kayansu ba. Alhazan da ke kafa kyamara a gida a bar musu 12345, da ku nake: wanda ya shiga, tsakar gidanka da iyalinka yake kallo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ga abin yi, yau ba gobe ba. Canza kalmar admin. Sa tsaron a kan WPA2, ko WPA3 in rautar tana da shi. In WEP kaɗai ta sani, ta yi ritaya, ba yara su yi wasa da ita. Kalmar Wi-Fi kada ta zama lambar wayarka ko sunan ɗanka na fari da shekarar haihuwarsa, kowa a layinku ya san su. Ni kalmomin Hausa huɗu nake jerawa waɗanda ba su da haɗi, irin su tukunya da raƙumi da makamantansu, ga tsawo ga sauƙin tunawa. Buɗe wa baƙi Wi-Fi nasu daban, kana canza kalmarsa duk wata. Kada ka wahalar da kanka da toshe wayoyi ta lambar MAC, wato lambar shaidar kowace na'ura, wayoyin yanzu suna sauya ta. Kuma duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci nakan leƙa jerin na'urorin gidana in ƙirga. Uwargida tana mini dariya, amma datarmu tana kai wata.

In ka ƙirga ka ga duk naka ne, ɓarawon na cikin gida: talabijin da ke jan bidiyo mai 4K, ko Windows da ke sabunta kanta cikin dare.

Tambaya daga Kumasi: Na ja kebul mita 130 daga gida zuwa shago, yana yi yana yankewa.

Iyakar kebul ɗin tagulla, Cat5e ne ko Cat6, mita 100 ce. Ba ya jin lallashi. Sa suwic a tsakiya inda akwai wuta, ko ka koma faiba, wato kebul na zaren gilashi, wadda ma ta fi dacewa tsakanin gini biyu saboda tsawar damina. Ka kuma kankare silin waya ɗaya da wuƙa: in ciki fari ne, alminiyam ne aka lulluɓe da tagulla aka sayar maka. In ka ga gudun ya maƙale a 100 maimakon 1000, cikin wayoyi 8 na kan RJ45 akwai wadda ba ta cije ba, sake matse kan.

Tambaya daga Gusau: Duk sanda NEPA ta ɗauke wuta sai intanet ya tafi, kafin a ta da janareta aiki ya tsaya.

Akwai ƙaramin batirin ajiya da ake yi don rauta, girman tafin hannu. Duba jikin cajar taka ka ga 12V ce ko 9V, ka sayi daidai da ita. Kada ka ce duk ɗaya ne.

Tambaya daga Gombe: An ce mini gudun layina 40 ne, amma in ina sauke abu 5 nake gani. An cuce ni?

Raba 40 gida 8. Su megabit suke sayarwa, kwamfutarka megabayt take ƙirgawa, kuma megabit 8 ne megabayt 1. Ba a cuce ka ba, ƙanena, darasin lissafi ka tsallake.